Saƙo daga Birmingham zuwa shagon Kawu a Wunti

Kawu, barkanku da war haka. Ya kasuwa, ya yaran shago? Kun ce in duba muku yadda mutanen nan suke gyaran akwatin tsohuwar rediyo idan ya tsage, to ga abin da na gani.

A Ingila mai gyara wuyar samu gare shi. Kuɗin aikin hannu kan fi kuɗin rediyon kanta, shi ya sa da abu ya lalace sai bola. Waɗanda suka riƙe aikin galibi dattawa ne masu sha'awar kayan da. Akwai kuma taron da ake kira Repair Café, wanda aka fara a Amsterdam a 2009, inda 'yan sa kai ke yi wa jama'a gyara kyauta. Ta fannin saurin aiki da sauƙin kuɗi, wallahi Bauchi ta fi su nesa ba kusa ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne sanin irin roba. Mu duk roba roba ce, da ta tsage sai a ɗora mata ƙarfe mai zafi a liƙe. Su sai sun tantance tukuna. Rediyoyin da, irin Bush DAC90A ta 1950, da Bakelite aka yi akwatinsu, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Ita ba ta narkewa. Wuta ƙona ta kawai take yi, ta bar tabon da ba ya fita. Ana gane ta da nauyi, in kuma aka goga ta da yatsa har ta ɗumama sai ta yi wari kamar na magani. Zafi sai ga robar baya-bayan nan, irin ta ƙananan rediyoyi masu batir.

Na tsaya kan wani dattijo yana aikin. Ya wanke tsagar tas, ya huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya zuba gam ɗin Araldite mai jinkirin bushewa, ya shimfiɗa ƙyallen fayiba ta ciki, ya ɗaure ya bari ta kwana. Ta waje kuwa, garin wata fasasshiyar Bakelite ya kwaɓa da gam ɗin ya cike gurbin, don launi ya zo ɗaya. Daga nan sai sanfefa mai laushi da ruwa, sannan Brasso, man goge ƙarfe don ya yi ƙyalli. Sai ka sa ido sosai kafin ka ga inda aka gyara.

Don Allah Kawu, waccan babbar rediyon ta marigayi Kaka, wadda yake jin BBC Hausa da ita, kada yara su kusance ta da wuta. Ku turo mini hoton tsagar ta ciki da ta waje, zan ba mai zuwa gida gam da ƙyallen ya kawo muku. A gaida Inna da kowa da kowa.