Sharhi kan allurar articaine 4% wajen cire haƙorin masu naƙasar ƙwaƙwalwa

A ɗakunan haƙori na Garwa da Marwa, allurar kashe zafi iri biyu ce ke yawo a hannun ma'aikata: lidocaine 2% da kowa ya saba da ita, da articaine 4% mai haɗin adrenalin, wadda ke zuwa cikin ƴan kwalabe na mililita 1.7. Mun yi aiki da duka biyun a kan yara da manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Ra'ayinmu shi ne articaine ta fi dacewa da mafi yawan aikin, amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda zai tsallake su gara ya tsaya a kan lidocaine ɗinsa.

Articaine ba sabon magani ba ne, tun 1976 ake aiki da shi a Jamus. Fifikonsa a wannan aiki guda ne: yana ratsa ƙashi fiye da lidocaine. Mai naƙasar ƙwaƙwalwa ba kasafai yake iya buɗe baki ya riƙe shi a buɗe ba, balle a kai doguwar allura can ƙuryar muƙamuƙi a nemi jijiyar haƙoran ƙasa. Kai ya juya sau ɗaya, allura ta kauce, aiki ya lalace. Da articaine, ana iya zuba maganin a gefen haƙorin da gajeriyar allura siririya mai lamba 30, ta wajen kumatu, a ƙara kaɗan ta ciki. Ga haƙoran sama da haƙoran yara na ƙasa, wannan kan wadatar. Ga manyan haƙoran tauna na ƙasa a bakin babba, ba kullum ba. Ƙashin wurin yana da kauri. A nan mun fi son a kashe jijiyar da lidocaine, sannan a ƙara articaine a gefen haƙorin, domin an sha samun rahotannin mutuwar leɓe ko harshe mai daɗewa bayan an kai magani mai ƙarfin 4% kusa da jijiya, ko da yake masana ba su gama muhawara a kai ba.

Kafin allura, a busar da dasashi da auduga, a shafa man lidocaine 5%, a jira minti 2 cikakku. Yawancin masu cewa man shafawa ba ya aiki, a kan yawu suka shafa shi, ko suka soka allura nan take. Sannan a ja sirinji baya a tabbatar ba a shiga jijiyar jini ba, a tura maganin a hankali, kamar mililita 1 a minti ɗaya. Zafin da mutane ke ɗora wa allura, da yawansa na saurin turawa ne. A jira minti 3 zuwa 5, a gwada dasashi kewaye da haƙorin da ƙarfen gwaji, ido a kan fuskar majinyaci da yatsun hannunsa. Wanda ba ya magana ba zai ce "ina ji" ba, amma gira za ta haɗe, hannu zai dunƙule.

Inda hatsarin yake shi ne lissafi. Kwalbar lidocaine ta mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. Ta articaine tana ɗauke da miligiram 68, kusan ninki biyu. Wanda ya saba ƙirga kwalabe maimakon miligiram zai wuce iyaka bai sani ba. Iyakar articaine ita ce miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 4 ba. Yaro mai kilo 25, iyakarsa miligiram 175, wato kwalba biyu da rabi, kuma mu ba ma son kusantar wannan iyaka. Kwalba ɗaya kan isa haƙori ɗaya. A auna nauyi a sikeli, kada a ƙiyasta da shekaru. Da yawa daga cikin waɗannan majinyata suna fama da wahalar taunawa da haɗiya tun suna ƙanana, sai ka ga saurayi ɗan shekara 17 da nauyin ɗan shekara 10. Alamun farko na yawan magani a jini su ne ƙara a kunne, ɗanɗanon ƙarfe a baki da jiri, kuma duk abubuwa ne da sai an faɗa ake sani. A nan ba za a faɗa ba. Abin da za a fara gani shi ne karkarwar fuska ko barci mai nauyi ko jijjiga, wanda cikin sauƙi za a ɗora wa farfaɗiyar da majinyacin ke da ita tun asali.

Farfaɗiya kuwa tana yawan tafiya tare da wannan naƙasa. A sha maganin farfaɗiya na safe kamar kullum ranar cirewa. Iyaye da dama kan hana shi don sun ɗauka sai da azumi ake zuwa, alhali allurar wuri ba ta buƙatar azumi. Cikin magungunan farfaɗiya, mai shan phenytoin dasashinsa kan kumbura ya yi saurin jini, mai shan valproate kuma jininsa na iya jinkirin tsayawa. Mai larurar Down, a tambayi lafiyar zuciyarsa, domin kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, kuma kada a danne kai baya da ƙarfi saboda raunin gaɓar wuya da wasunsu ke da shi. Mai asma a yi hattara, maganin da ke da adrenalin yana ɗauke da sinadarin sulfite, wanda kan iya tayar da ita.

Abu biyu ke sa allurar ta ƙi ci. Na farko mugunya: inda ƙurji ya taru, wurin ya yi tsami, magani ba ya shiga jijiya yadda ya kamata, kuma majinyatanmu sukan iso a makare, fuska a kumbure, don ba wanda ya gane ciwon haƙori ne ya hana su barci. Kada a soka allura cikin kumburin, a kashe jijiyar daga nesa. Na biyu zafin gari. Ana son a ajiye kwalaben ƙasa da digiri 25, nesa da haske, ba tare da sun daskare ba, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yana haura 40. Adrenalin yana lalacewa, sai kashewar ta yi rauni ta kuma gushe da wuri. Kwalbar da ruwanta ya sauya launi zuwa rawaya ko ruwan ƙasa, ko toshiyarta ta turo waje, a jefar. A sayo daga farmasi mai ɗakin sanyi.

Babban aibin articaine yana bayyana ne bayan an koma gida. Leɓe da kumatu kan zauna a mace awa 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Majinyacin yana jin wani baƙon abu a bakinsa, sai ya yi ta taunarsa. Washegari sai ka ga an dawo da shi leɓen ƙasa ya kumbura, da farin gyambo kamar faɗin ɗan yatsa, iyali na cewa allura ce ta ƙone shi. Cizo ne. Yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14, amma ya fi ramin haƙorin zafi. Don haka ba ma sallamar kowa sai mun ce wa mai kula da shi: "Mama, ki zauna kusa da shi har la'asar, idonki a kan bakinsa. Kada ki ba shi abin taunawa, sai kunu mai sanyi bayan leɓen ya dawo." Ga wanda aka san yana cizon kansa, idan cirewar mai sauƙi ce, wata allurar kashe zafi, mepivacaine 3% marar adrenalin, ta fi, don ta fi saurin sakin leɓe.

Audugar da ake cewa a cije na minti 30 ma ba a bar masa ita shi kaɗai. Mai kula ya riƙe ta da yatsa, jelarta a waje, don kada ya haɗiye ko ta shaƙe shi. Mun fi son ɗinke ramin da zare mai narkewa da kansa.

Maganin zafi na sha a fara shi tun kafin allura ta saki, kuma a bi agogo kwana biyu na farko, kada a jira ƙorafin da ba zai zo ba. Paracetamol miligiram 15 ga kowane kilo duk awa 6. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, marar nauyi ƙasa da haka. Idan babu gyambon ciki, ciwon ƙoda ko matsalar jini, a haɗa da ibuprofen miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo duk awa 8, bayan abinci. Ban da aspirin. Ban da tramol, duk da sauƙin samunsa a kasuwa, domin yana tayar da farfaɗiya. Idan a rana ta uku ya ƙi abinci, yana dukan kumatu, baki yana wari, wataƙila gudan jinin da ke ramin ya fita, a dawo da shi a wanke a sa magani.

Wanda ba zai iya zama a kujera ba ko da an yi masa ziyarar sabo sau biyu, ko mai haƙora da yawa da za a cire, articaine ba ta magance matsalarsa. Danne shi da ƙarti huɗu ba hanya ba ce, kuma ba a ba da midazolam, maganin kwantar da majinyaci, a ɗakin da babu iskar oksijin da na'urar auna ta a yatsa, musamman ga mai sikila. Irin wannan a tura shi babban asibiti a Garwa, Marwa ko Ngaundere, a yi masa allurar barci a gama dukkan haƙoran a zama ɗaya.