Jeff Wayne da Roger Waters: Ina Bambancinsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin Jeff Wayne da na Roger Waters abu guda ne, tunda kowannensu ya shahara da kundin kiɗan rok mai ɗauke da labari ɗaya daga farko har ƙarshe. Lalle akwai kama, domin a 1943 aka haife su duka, kuma shekara ɗaya ce kawai tsakanin kundayen biyu: The War of the Worlds na Wayne ya fito a 1978, The Wall (wato Bango) na Pink Floyd, ƙungiyar da Waters ke ciki a lokacin, kuma a 1979. Daga nan hanya ta rabu.

Wayne haifaffen New York ne da ya yi sana'arsa a Landan, inda ya daɗe yana tsara kiɗan tallace-tallacen talabijin kafin ya zama mai shirya faifan mawaƙi David Essex. Labarinsa aro ne daga littafin H. G. Wells na 1898, na halittun duniyar Mars da suka afka wa Ingila. Ba shi ya rera ba, ba kuma shi ya rubuta yawancin baitocin ba. Nasa shi ne kiɗa da jagorancin makaɗa, ya bar wa ɗan wasa Richard Burton karanta labarin, mawaƙa irin su Justin Hayward da Phil Lynott suka ɗauki sauran. Horon talla bai ɓuya ba a aikin, don duk wanda ya ji amon goge da ke buɗe faifan sau ɗaya, da wuya ya fita masa a ka.

Shi kuwa Waters, cikinsa ya amayar. An kashe mahaifinsa a fagen yaƙi a Anzio ta Italiya a 1944, shi yana jariri, kuma wannan maraici ne tubalin farko na bangon da jarumin labarin ya kewaye kansa da shi, sannan muguntar malaman makaranta da mutuwar aure suka biyo baya. Abin da ya tunzura shi rubutun ma sananne ne: a wani wasa a Montreal ta Kanada a 1977, ya fusata har ya tofa wa wani ɗan kallo yawu. A nan ne na fi ganin tazararsu, domin mahaifin Wayne, Jerry Wayne, yana raye a lokacin, tare ma suka yi aikin kundin, alhali rashin uba ne ya haifi na Waters.

Bayan haka Wayne ya gwada wani kundin mai suna Spartacus a 1992 da muryar ɗan wasa Anthony Hopkins, amma bai samu karɓuwa ba, sai ya koma ga tsohon aikinsa, ya fara yawon nuna shi a dandali a 2006, ya sake naɗarsa da muryar ɗan wasa Liam Neeson a 2012. Waters ya bar Pink Floyd a 1985, ya gabatar da The Wall a Berlin a 1990 bayan faɗuwar bangon birnin. A ganina Wayne ya fi gwanintar saƙa labari da kiɗa, ta yadda ko mai ƙarancin Turanci zai bi abin da ke faruwa, saboda haka da nasa zan ce ka fara. Na Waters sai ka zauna da baitocin a hannu.