Ranar buɗe tsoffin gine-gine: ɗakin agogo ya fi kotu burge ni

Shekara da shekaru nake bi ta gindin hasumiyar agogon nan safe da yamma, in ɗaga kai in duba lokaci in wuce. Ƙaramar ƙofar katakon da ke gefenta kuwa ban taɓa ganin ta a buɗe ba, har na daina ganin ta gaba ɗaya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga ta cikinta, ni da 'yata mai shekara tara, albarkacin ranar da aka ware don buɗe wa jama'a tsoffin gine-ginen gari su shiga su gani. Mun tafi mu uku ne, har da kawuna, kuma abin da ya same shi yana cikin dalilan da suka sa na ce sai na yi wannan sharhi.

Ga wanda bai san tsarin ba, ba shi da wuyar ganewa. Rana ɗaya ko biyu a shekara, masu gine-ginen tarihi suna buɗe ƙofofinsu kyauta, har da wuraren da a sauran ranaku ba a shiga sai ma'aikata: ɗakunan ajiya, saman rufi, ƙarƙashin ƙasa, gidajen da har yanzu akwai mutane a ciki. A Faransa aka fara shi a 1984, zamanin da Jack Lang ke ministan al'adu. Majalisar Ƙasashen Turai (Council of Europe) ta ɗauki tsarin a 1991, Tarayyar Turai ta shigo cikinsa a 1999, yanzu kuma duk watan Satumba ake yi a faɗin nahiyar. A Paris mutane kan kama layi tun da asuba don su leƙa Elysée, fadar shugaban ƙasar Faransa. Glasgow ta fara nata a 1990, Landan a 1992, Toronto a 2000, New York a 2003. Namu ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta, 'yan sa kai ne suka riƙe shi kacokan, amma ruhin abin ɗaya ne.

An raba mana ɗan littafi mai taswira da jerin wurare fiye da goma. A nan na yi kuskuren farko, kuma ina jin mafi yawan mutane shi suke yi: na nufi inda sunansa ya fi girma, wato tsohuwar kotu. Sai da muka yi kusan awa ɗaya a layi, rana na dukan mu. Da muka shiga, ginin kam ba a magana. Rufin ya yi nisa har sai ka ɗaga kai sosai, kujerar alƙali na can sama, akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa yana ƙasa, da 'yar matattakala da ke gangarawa kai tsaye zuwa ɗakunan tsare mutane. Tsarin ɗakin kansa yana faɗa maka wane ne babba, wane ne ƙarami, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Sai dai mai yi mana bayani hadda ya yi. Shekarar da aka aza tubali, sunan mai zane, shekarar da aka gyara, duk ya zubo su a jere yana kallon bayan kawunanmu, don wani rukunin na jira a bakin ƙofa. Minti goma sha biyar aka ba mu. 'Yata ta tambaya ko mene ne waɗannan zane-zanen da aka kankare a jikin ƙofar ɗakin tsarewa, ya ce mata lokaci ya ƙure. Ban ga laifinsa ba, mutum ɗaya aka bar wa taro. Amma zanen nan shi ne abin da ya fi komai rai a ginin: layuka ne jere-jere, kamar wani yana ƙirga kwanakinsa, da haruffan farko na sunaye. Mun fito ba mu ji komai a kansu ba, abin ya tsaya min a rai.

Da na bi jerin taswirar yadda aka tsara shi, da haka ranar za ta ƙare, layi bayan layi. Kawu ne ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara ɗaukar wata tsayuwar ba, mu nemi inda babu mutane. Shi ya sa muka faɗa wani tsohon gidan ɗan kasuwa da ake kan gyarawa, wanda a littafin layi biyu kawai aka rubuta a kansa. A tsakar gidan muka tarar da wani dattijo magini zaune a kan bokitin da ya kifa, ga kwaɓi fari a gabansa, yana cusa shi tsakanin duwatsun bango da wani siririn ƙarfe. Ba ya cikin masu bayani. Aikinsa yake yi, aka ce masa ya bar ƙofa a buɗe.

'Yata ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me ya sa simintinka fari ne?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wannan ba siminti ba ne, farar ƙasa ce. Zo ki taɓa bangon can ki gani."

Ya kai mu wani ɓangare da aka taɓa gyarawa da siminti shekaru da dama da suka wuce. Simintin na nan daram, ko tsagewa bai yi ba, amma duwatsun da ke kewaye da shi sun zagwanye, sun koma ciki kamar an ƙwaƙule su da cokali. Na shafa da yatsa, sai gari ya biyo hannuna. Ya bayyana mana dalili dalla-dalla. Tsohon bango yana shan danshi daga ƙasa da ruwan sama, kuma dole danshin ya sami hanyar fita. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dutse taushi, ruwa na bi ta cikinsa ya bushe, gishirin da ruwan ya ɗauko sai ya taru a jikin kwaɓin ya ci shi a hankali. Idan ya cinye, a kankare a sa sabo, dutse na nan lafiya lau. Siminti kuwa ya fi dutsen tauri kuma ya toshe hanya, sai danshin ya koma fita ta jikin dutsen, gishiri ya daskare a ciki ya riƙa farfasa fuskarsa. Ya ce kwaɓi shi aka yi don ya mutu a madadin dutse, in aka juya lamarin, bangon ne zai biya.

Wannan bayanin kaɗai ya biya min wahalar fitowa. Simintin da muka sani, wani magini ɗan garin Leeds na Ingila mai suna Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a 1824, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin ya mamaye aikin gini. Kafin nan, da kwaɓin farar ƙasa ko na laka aka ɗaga yawancin abin da muke kira gine-ginen tarihi. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 900, a zuba masa ruwa ya tafasa da kansa, a bar shi ya kwanta, a haɗa da yashi. Ba ya ƙanƙamewa cikin kwana ɗaya kamar siminti. A hankali yake zuƙar iska yana komawa dutse, shi ya sa dattijon ya rufe inda ya gama da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar da shi da wuri. Na lura sababbin duwatsun da ya sa sun ɗan bambanta da tsoffin, bai yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Ashe da gangan ne. Ƙa'ida ce da masu wannan aiki ke bi tun yarjejeniyar Venice ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi: abin da aka maye ya dace da ginin, amma mai lura ya iya gane sabo daga tsoho, kada gyara ya yi wa tarihi ƙarya.

Kafin mu tafi ya nuna mana indararo a saman bango ya ce mafi yawan tsoffin gidajen da ya ga sun rushe, ba tsufa ne ya kayar da su ba, toshewar indararo ce da aka yi sakaci da ita damina bayan damina. Tun ranar, duk ginin da na wuce sai na ɗaga kai na duba nasa.

Sai hasumiyar agogo, wadda ita ce ta fito da ni tun farko. A nan ne ran Kawu ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Babu inda littafin ya faɗi cewa matattakalar siririya ce mai murɗewa, ba ta da abin riƙewa sai igiya, kuma mutum shida kawai ake ɗauka a lokaci guda. Sai da muka iso bakin ƙofa muka sani. Kawu ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Ku hau, ɗana, ni zan jira ku a nan." Ko kujera babu a wurin. Wata baiwar Allah cikin 'yan sa kai ce ta tashi ta ba shi tata. Na san ba za a sa wa hasumiya mai shekaru fiye da ɗari lif ba, kuma ba wanda ya nemi haka. Amma layi ɗaya a littafin ya isa ya gaya wa mai ciwon gwiwa, da mai keken guragu, da mai goyo, inda za su iya shiga da inda ba za su iya ba. Kuma me zai hana a ɗauki hoton bidiyon injin a ajiye a ƙasa ga wanda ba zai iya hawa ba? Mutumin da ya fi mu duka daɗewa yana jin bugun agogon nan shi ne bai ga cikinsa ba.

Matakan dutse ne, tsakiyar kowanne ya lotsa kamar kwano saboda sawun masu hawa. 'Yata ta riƙa sa ƙafarta daidai cikin lotsawar. A sama, ɗaki ne ɗan ƙarami mai warin man inji da tsohon katako, injin na tsakiya a kan ƙafafun ƙarfe, girmansa kamar teburin cin abinci. Ƙafafun tagulla masu haƙora suna cizon juna, wasu na juyawa a idonka, wasu sai ka zuba musu ido kafin ka yarda suna motsi. Babu lantarki ko kaɗan a aikinsa. Wasu manyan nauyaya ne rataye da igiyar ƙarfe suke sauka a hankali cikin ramin hasumiyar, saukarsu ce ke juya komai, lilon da ke kaiwa da komowa kuma shi ke hana su sauka gaba ɗaya, yana sakin haƙori ɗaya a kowane bugu. Tun 1656 da Christiaan Huygens, wani masanin kimiyya ɗan Holland, ya haɗa agogo mai lilo, dabarar ba ta canza sosai ba.

Mai kula da shi tsohon makaniki ne da ya yi ritaya, duk mako yake hawowa ya wana shi da hannu, ba a biyan sa ko sisi. Ya ba 'yata mariƙin ya ce ta gwada. Da hannu biyu ta kama, ta juya sau ɗaya da ƙyar, muka ji ƙas-ƙas-ƙas na ƙarfen da ke hana shi komawa baya, fuskarta ta cika da murna. Ya nuna mana wani ɗan faranti a jikin sandar lilon da 'yan ƙananan ƙarafa a kai. Idan agogo na jinkiri sai ya ƙara ɗaya, in yana sauri ya cire, don zafi na sa sandar ta ɗan miƙe lilon ya rage sauri, sanyi kuma ya sa ta tsuke. Haka ake yi wa babban agogon majalisar dokokin Birtaniya da ake kira Big Ben, da tsoffin kwabbai ake daidaita shi. A jikin bango akwai sunayen waɗanda suka riƙe aikin kafin shi, an rubuta da fensir, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Nasa ne na ƙarshe. Na tambaye shi wa zai karɓa bayan shi, ya ce har yanzu dai yana nema, kuma dalilin da ya sa ya yarda a buɗe ƙofar ke nan.

Muna tsaye ƙarfe uku ta cika. Ya ce mu toshe kunnuwa. Wani ɓangaren injin da ke kwance shiru ya farka, wata fanka ta hau juyawa, waya ta ja guduma a saman kanmu, ƙararrawa ta buga har ƙasan katakon na rawa a tafin ƙafarmu. Sau dubbai na ji wannan bugun daga titi, ban taɓa sanin da jiki ake jin sa ba.

To, ko zan ba wani shawarar ya je? Ƙwarai kuwa, kuma da yara. Amma kada ya ce sai ya zaga duka. Wuri uku sun isa yini. Ya bar mai dogon layi, ko ya je masa da sassafe, ya nemi ƙananan da aka rubuta wa layi biyu a ƙarshen littafi, inda zai tarar da mai aikin da kansa ba mai hadda ba. Ya sa takalmi mara santsi, ya tambaya tun kafin ya fita ko akwai wuraren da sai an yi rajista ta intanet, don mun rasa shiga tsohon gidan ruwa mai injin tururi saboda guraben sun cika kwanaki kafin ranar, mu kuwa ba mu sani ba. In da dattijo a tafiyar, a bincika maganar matattakala da wurin zama tukuna. Na rubuta wa masu shiryawa waɗannan ƙorafe-ƙorafen a takardar jin ra'ayi da suka ajiye a bakin ƙofa, na kuma bar sunana cikin masu son taimakawa baɗi, don hannun da ke riƙe da abin ya yi kaɗan.

Da muka sauko, Kawu na zaune a kujerar aro, ya riƙe agogon hannunsa yana kallo. Ya ce ya auna, bugun ya zo daidai ko daƙiƙa bai kuskure ba. 'Yata ta zauna a gefensa ta hau ba shi labarin faranti da 'yan ƙarafa, tana kwatanta kaiwa da komowar lilon da hannunta, shi kuma yana tambayar ta girman ƙararrawar.