Ya dawo min da WhatsApp, amma lissafin bashina bai dawo ba

Tun da aka sake ganina a kan layi ake tambayata wa ya gyara min, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Wani matashi ne a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, cikin masu harkar saita manhaja, ba masu kwance waya ba. Ba zan kama suna ba, don maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi, shi kuma abincinsa yake nema.

Turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma WhatsApp shi ne shagona. A sitatus ake ganin kaya, a nan ake ciniki, a nan ake turo shaidar tiransifa. Wayata ta faɗo daga kan firji, gilashin ya mutu murus, ko haske ba ya kawowa. Na sayi sabuwa na kai wa mai shagon caji na bakin layinmu, wanda dama shi ke saita min waya. Ya mayar da sim, ya tura min manhajoji ta Xender daga wayarsa, ya sa lambata. Lambobi shidan da ake turowa don tantancewa suka ƙi zuwa. Ya danna a sake turowa, ya sake dannawa, ya goge ya sake sawa. Wani rubutun Turanci yana ta fitowa wai sai da WhatsApp na asali za a iya shiga, shi kuwa yana ta kawar da shi ba tare da ya karanta ba. Lokacin jiran da ya fara da 'yan mintuna, kafin in ankara ya koma awanni.

Da ya ga ta ƙi, sai ya ce, "Hajiya, kutse aka yi miki. Sai dai a yi wa wayar filashin." Waya sabuwa fil, ko ledar gilashinta ban cire ba. Da na ƙi, wai to in sayi sabon layi in huta. Layin da ke manne a jikin kowace kwalbar turarena, wanda kwastomomin Abuja da Kaduna da Maraɗi suka sani! Kuma duk da haka sai da ya karɓi kuɗin aiki.

Ƙanwar maigidana ce ta tura ni wajen wannan yaron. Abin da ya fara burge ni, bai ma buɗe WhatsApp ɗin ba. Ya ce, "Anti, bari mu fara ganin lafiyar layin tukuna." Ya kira lambata daga wayarsa, ta shiga. Ya turo min saƙo, ya shigo. Ya sa na danna *996# aka duba ko layin yana haɗe da lambar NIN, don ya ce tun rufe layukan da aka yi a 2024 yake ganin mutane suna zuwa da kukan WhatsApp alhali layinsu ne aka toshe. Nawa lafiya lau. Ya danna ##002#, wai idan an taɓa karkatar da kiran layi zuwa wata lamba wannan yana soke shi, kuma ɓarayi suna amfani da karkatar da kira su karɓi lambar tantancewar mutum. Ya duba kwanan wata da agogon wayar ya mayar da su su riƙa saita kansu. Ya nuna min yadda ake sa lamba, a zaɓi Najeriya, 234 ta fito, a bar sifilin farko. Duk abin da zai taɓa sai ya juyo min da wayar na gani.

Sannan ya kalli manhajar, ya yi 'yar dariya. "Anti, wannan ai ba WhatsApp ba ne, GB ne." Ashe abin da mai caji ya daɗe yana sa min ke nan, har a tsohuwar wayar, bai taɓa ce min akwai bambanci ba. Ya yi min bayani cewa wasu ne can suka kwaikwayi manhajar suka ƙara mata kwalliya, su ɓoye an karanta saƙo, su karanta wanda aka goge, kuma kamfanin ba ya yarda da ita, yana hana ta shiga, wani lokaci ma ya dakatar da lambar mai amfani da ita. Ya goge ta, ya sauko da ta gaskiya daga Play Store, ya nuna min sunan kamfanin a ƙarƙashi don in riƙa ganewa.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Muna sa lamba sai ga lokacin jiran nan yana nan daram. Na ce ba an canza manhaja ba? Ya ce jiran da lambar waya yake tafiya, ba da wayar ba, ko wayoyi goma aka canza yana nan, kuma yawan neman a sake turowa da shigar da lambobin da ba daidai ba shi ke tsawaita shi. Kalmar da ya faɗa ita ce ta sa na yarda da shi: "Duk wanda ya ce miki zai rage wannan lokacin, kuɗinki kawai zai ci. Ki tafi gida, kar ki taɓa, kar ki bar yara su taɓa. Idan ya cika ki dawo." Na buɗe jaka zan sallame shi, ya ce bai yi komai ba tukuna. A kasuwar waya fa! Wanda ya saba shiga wurin ya san abin da nake nufi.

Da na koma na tarar da wata baiwar Allah a kan bencin, dattijuwa, idonta ya yi ja. Ita wani ne ya kira ta, ya gaishe ta da sunanta, ya ce daga guruf ɗin Islamiyyarsu ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo mata lambar shiga ta karanto masa. Ta karanto. Kafin la'asar 'yan uwanta sun fara kira, wai ta turo musu saƙo tana asibiti a taimaka da dubu ashirin. Ina zaune ya yi mata aikin. Ya sa lambarta, saƙon ya shigo, ta shigar da lambobi shidan, sai manhajar ta nemi fin, wato lambar sirrin da mai WhatsApp ke sa wa kansa don ƙarin tsaro. Ta ce ita ba ta taɓa sa wani fin ba. Ya ce ɓarawon ne ya sa. Ta fara salati, shi kuwa a hankali ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Daga lokacin da kika shigar da lambobin nan an riga an fitar da shi, ba zai ƙara tura wa kowa saƙo ba. Ke ma dai ba za ki shiga ba sai bayan kwana 7, haka ƙa'idarsu take idan babu fin kuma babu imel ɗinki a ciki." Ya ce ta kira 'ya'yanta su sanar a gurof-gurof kar wanda ya tura ko sisi. Ya rubuta mata ranar da za ta dawo a bayan katinsa. Ban ga ya tsawwala mata ba.

Nawa kuwa, lokaci ya cika, muka nemi saƙo, shiru. Zuciyata ta yanke. Ya ce kar in sake dannawa, mu jira zaɓin kira ya buɗe. Da ya buɗe ya danna, wayar ta yi ƙara, wata murya ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya ta maimaita. Ya miƙo min biro da takarda ni na rubuta, ni na shigar. Sai ta nemi fin. Wannan na sani, 'yata ce ta sa min, kuma manhajar kan tambaye ni shi lokaci zuwa lokaci har ya zauna min a ka. Yaron nan ya miƙo min wayar ya juya fuskarsa bango, har ya ce wa yaron shagonsa ya matsa. Wallahi ban taɓa ganin mai gyaran waya ya yi haka ba. Wanda na saba da shi ko lambar buɗe wayata ba ya tambaya, ya riga ya haddace.

Tana buɗewa saƙonni suka ɓarke kamar an kawo ruwan famfo bayan ɗaukewar sati, wayar har tana sandarewa. Ya ce saƙon da bai isa ga mai shi ba ana ajiye shi har kwana 30, shi ya sa duk wanda ya neme ni ina rufe na ga saƙonsa. Hotona yana nan, gurof-gurof ɗina duk suna nan. Daga baya ya leƙa manhajar saƙonni ta wayar, sai ga saƙon lambar tantancewar a kwance cikin akwatin da wayar ke jefa saƙonnin da take zargi. Ashe yana zuwa, wayar ce ke ɓoyewa. Ya sa min imel ɗina a ciki, ya duba wurin na'urorin da aka haɗa, wanda ke ɗaukar har guda 4, ya nuna min babu kowa a maƙale. Abin da ya caje ni bai kai abin da mai caji ya karɓa don ya ɓata min aiki ba. A ranar har addu'a na yi wa iyayensa, na fito ina gaya wa duk wanda na haɗu da shi.

Da a nan aka tsaya da babu abin da zan ce sai sambarka. Amma ina isa gida na buɗe hirar wata kwastoma da nake bi kuɗin humra, fayau. Na buɗe ta biyu, fayau. Duk tsofaffin hirarraki babu, kuma a cikinsu lissafina yake: wa ta karɓi kaya, wa ta ba da rabi, wa ta ce sai ƙarshen wata, har da muryoyin da aka yi alkawari a ciki. Na kira shi. Sai a lokacin yake ce min ai GB ba ya ajiye hira a Google Drive, duk abin yana cikin ƙwaƙwalwar tsohuwar wayar. To Malam, ka san haka tun ranar farko, kai ka gane GB ne da idonka, me ya hana ka faɗa min ina zaune a gabanka? Mutumin da ya yi min bayanin sifilin farkon lamba dalla-dalla, wannan babba ce zai manta?

Ya ce in kawo tsohuwar, akwai abokinsa mai kwance waya, za a ɗaura mata gilashi na aro a kwashe komai, in sha Allahu za su dawo. Na tambaye shi sau biyu, ya ce kar in damu. A nan ne aka karɓi kafin alƙalami mai kauri, kuma a nan ne na ga wani mutum daban. Wanda ke juyo min da waya in ga kowane danni, yanzu wayata tana wani shago da ban san shi ba, cike da hotunan iyalina, a hannun wanda ban taɓa gani ba. In kira, abokin ya tafi masallaci. In sake kira, ba a samu gilashin irinta ba. Wata rana wuta ce babu. Wata rana ya ƙi ɗauka, sai da na kira da layin maigidana ya ɗaga a bugun farko. Wannan ta ƙona min rai fiye da komai.

Ƙarshenta hotunan kaya da bidiyoyi sun fito, an zuba min su a memori, na gode. Hirarraki kuwa ya ce sun gwada mayar da su cikin WhatsApp na asali sun ƙi, kuma dama kamfanin da kansa bai ba da tabbacin hira za ta taso daga irin waɗancan manhajoji ba. Dama! Wannan "dama" ɗin ita nake so in ji kafin in ƙirga kuɗi, ba bayan an kashe su ba. Da na yi maganar a rage min wani abu, sai ya ce kuɗin na abokinsa ne, shi ko naira bai ci ba. Wataƙila gaskiya ne, amma ni shi na sani, shi na miƙa wa.

Don kar in zalunce shi, da na je karɓar memorin ya zauna ya saita min ajiyar hira ta kullum a Gmail ɗin da ni ke riƙe da kalmar sirrinsa, ya cire bidiyo daga ciki, ya ce tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cin wurin kyauta na giga 15 da Google ke bayarwa, bidiyon turare zai cinye shi nan da nan. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da na canza waya, tun wajen shiga ake tambayar a dawo da hira, idan aka tsallake sai an goge manhajar an sake. Bai karɓi komai a kan wannan ba. Ilimin yana da shi, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi.

Idan lambar tantancewa ce ta ƙi zuwa, ko an sace muku WhatsApp, ku je wajensa, ni ma zan sake zuwa. Amma da zarar ya ce "akwai wani abokina", ku riƙe wayarku da kuɗinku ku ce a kai ku wajen abokin.

Yanzu bin kwastomomi nake ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su turo min hoton hirarmu daga nasu ɓangaren. Masu tsoron Allah sun turo, wata ma ta tuna min da bashin da na manta. Wata kuwa da na tabbata ta karɓi kwalba uku ta ce ita biyu ta sani, kuma wai ita ma ta canza waya. Tsohuwar wayar tawa har yau tana wajen abokin, wai bai gama mayar da murfin ba. Ranar Asabar zan je karɓowa, kuma da babban ɗana zan tafi, don idan ni na fara magana a shagon nan ba za ta yi daɗi ba.