Manhajar Merlin da baƙin tsuntsayen bazara a Sakkwato

Daga Maris zuwa farkon Mayu, tsuntsayen da suka yi sanyi a yankinmu suna haramar komawa Turai. Kafin su tsallake Sahara sai sun tsaya sun tara kitse, shi ya sa a wannan lokaci ake ganin baƙin ido a tsakar gida da lambunan bakin kogin Rima. Manhajar Merlin Bird ID, wadda sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka ya fitar a 2014, kyauta ce kuma tana taimakawa wajen gane su. Sai dai ba duk sassanta ne suke aiki daidai a Sakkwato ba.

A fara da sauke kundin tsuntsayen yankinmu inda intanet ke da ƙarfi. Bayan haka tana aiki ko babu data.

Sashen hoto shi ne gwaninta. Ka ɗauki tsuntsun ta gefe, rana tana bayanka, ka ja hoton har ya cika akwatin da ke fuskar wayar, sannan ka tabbatar da wuri da kwanan wata. Nan take take gane masu bayyanannen launi, irin su alhudahuda, ko woodchat shrike mai jan keya da baƙin zane a ido wanda ke son zama kan wayar lantarki, ko redstart mai jar wutsiya da ba ta daina karkarwa. Inda take tuntuɓe shi ne ƙananan nan masu ruwan ƙasa-ƙasa. Willow warbler da chiffchaff kamar an tsaga kara, kuma nauyin kowannensu bai cika wuce giram 10 ba. Ƙafar na farko fara-fara ce, fiffikensa ya fi tsawo. Na biyun ƙafarsa baƙa ce, yana yawan saukar da wutsiya. Idan ganye ya rufe ƙafar a hoto, amsar manhajar canki-canki ce kawai. Ƙurar da ke sararin sama ma tana dusashe launi, don haka hoton ƙarfe 7 zuwa 9 na safe ya fi na tsakar rana. Dama da zafin ya haura digiri 40 wayar kanta sai ta fara gardama.

Akwai sashen tambayoyi biyar: wuri, kwanan wata, girma, launi har guda uku, da abin da tsuntsun yake yi. Ma'aunin girman da tsuntsayen Amurka aka yi shi, sai mutum ya mayar da shi na gida a ransa, ya ɗauki hankaka a matsayin babba, marai a matsayin ƙarami.

Sashen sauti, wanda aka ƙara a 2021, shi ne mafi rauni a nan. Ya fi sanin kukan tsuntsayen Amurka da Turai, ga shi baƙin namu ba su cika rera waƙa ba sai dab da tafiya. Kada a rubuta sunan da ya bayar sai ido ya tabbatar.

Wani abin lura, jerin tsuntsayen da take cewa ana iya gani a wuri ya dogara ne da rahotannin masu kallon tsuntsaye a eBird, wato shafin intanet da ake aika bayanan tsuntsayen da aka gani, kuma masu aikawa daga arewa maso yamma kaɗan ne. Rashin tsuntsu a jerin ba ya nufin babu shi a unguwarku. Sunayen Hausa kuwa babu su sam. Mai neman shamuwa, wadda ita daga kudu take zuwa gab da damina, sai ya rubuta Abdim's stork.

Manhajar ba za ta gaya maka inda za ka duba ba. Masu cin ƙwari sun fi son gawo da bagaruwa, dogon yaro kuwa duk yawansa a cikin gari ba ya tara su sosai. Kasko mai ruwa da zurfinsa bai wuce santimita 3 ba, a inuwa, nesa da inda mage ke laɓewa, yana kawo su kusa yadda kyamarar waya za ta kama. A riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro.