Kalangu ko Kiɗan Fiyano: Muhawarar Gidan Biki a Garwa

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da wuya a ɗaura aure ba a ja zare ba kan wane kiɗa za a yi, domin iyaye na son makaɗin kalangu, matasa kuwa sun fi karkata ga kiɗan fiyano, wato waƙoƙin sutudiyo da suka bazu daga Kano tare da finafinan Hausa tun shekarun 1990.

Kalangu, wanda asalinsa kiɗan mahauta ne, magana yake yi. Makaɗi yakan rataye shi a hammata, ya matse tsarkiyar ko ya sassauta, sai sautin ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har dattijuwar da ke zaune a bakin tabarma ta gane kirarin gidansu ba tare da an furta kalma ba, ta miƙe ta yi liƙi. Wannan daɗin sai kunnen da ya tashi da shi.

Kiɗan fiyano kuwa sauƙi gare shi: waya da lasifika sun wadatar, kuma maƙwabta Fulani da Kotoko sukan shiga rawa ko da ba su bi baitin ba. Aibinsa, a ganina, shi ne bai san amarya ba. Abin da ya faɗa a Kano shi zai maimaita a Garwa.

Duk da haka, yarinyar da ta haddace waƙar a wayar yayarta tana jin abin da kakarta ke ji, kuma idan aka ce mata kalangu ya fi, dariya kawai takan yi.