Ɗan rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana, abin da na gani tun da na saya wa Inna

Ƴan'uwa masu ta tambayata a WhatsApp kan ɗan rediyon nan da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, bari in amsa muku gaba ɗaya a nan. Ku saya, musamman in akwai tsoho ko marar lafiya a gida. Yana da matsalolinsa kam, zan kuma faɗe su duka don kar wani ya ce ban gaya mai ba.

Nan Tawa ta Nijar na same shi a wani ɗan butik mai sayar da littattafan masu bi, jikka 12 har da wayar caji. Bai wuce tafin hannu ba, bayansa ɗan panno ne, gabansa lasifika da maɓallai, babu allo ko kaɗan. Littattafai 66 ɗin duka suna ciki tun daga Farawa har Wahayi, ba ruwansa da rezo ba ruwansa da mega, ko kuran ya tafi kwana da wuni shi dai a ba shi rana. Mai butik ɗin mutumin kirki ne gaskiya, ya zauna ya nuna mani yadda ake tsallake littafi da yadda ake komawa baya, bai yi mani gaggawa ba duk da akwai mutane a tsaye suna jira.

Innata na saya wa. Ciwon suga ya taɓa mata ido, muna kai ta likitar Galmi, wadda ƴan mishan na SIM suka buɗe tun 1950, ana ƙoƙari sosai amma karatu dai ya gagara. Mace ce da ta koyi boko a ajin mata na coci da girmanta don kawai ta karanta Zabura da kanta, to ku duba yadda abin ya yi mata ciwo, ga rasuwar Baba ba ta daɗe ba, dare ya yi kowa ya yi barci ita idonta biyu. Ni ina da yara ina da aiki, ba kullum nake samun zama in karanta mata ba, jikokin kuma lakwal ɗin faransanci suke, in suka kama Hausa sai su yi ta tuntuɓe har ta ce su bari.

Abin da wasu ke kuka da shi a rediyon nan shi ne ba ya zuwa aya kai tsaye, sura sura yake tafiya, in kana son aya ta 11 dole ka saurara tun daga ta 1. Ni a wurina wannan ne ma babban amfaninsa. Kun san Irmiya 29:11, wadda ake bugawa a kalanda da rigunan zumuntar mata, inda Ubangiji ya ce shirin da yake da shi dominmu na alheri ne ba na masifa ba. Kowa ya haddace ta. Amma da Inna ta ji surar dungum sai ga shi ashe wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, yana gaya masu su gina gidaje su dasa gonaki su aurar da ƴaƴansu don zaman zai kai shekara 70, har yana ja masu kunne kan annabawan da ke ruɗinsu. Ta kira ni ta ce, "Ke ƴar nan, ashe waɗanda aka yi wa alkawarin nan da yawansu can suka tsufa, kuma Allah bai yi ƙarya ba." Na ce haka ne Inna. Ta ce in maido mata daga farko.

Wannan maganar ta tsaya mani a rai don mu yanzu an saba mana da wa'azin karɓi naka yau yau, in ba ka warke ba a ce bangaskiyarka ce ta gaza, kuma irin wannan koyarwa tana karya marasa lafiya fiye da ciwon kansa, na gani da idona. Wanda ya saurari Littafin a jere zai ji Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana ɗan 17 ƴan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, tsakani akwai bauta da ƙazafi da kurkuku. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire mai ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ishaya 43 ma cewa ya yi sa'ad da ka ratsa ruwa ina tare da kai, bai ce ba za ka shiga ruwan ba. Inna ba ta daina roƙon idonta ya buɗe ba, mu ma muna roƙo tare da ita kullum, sai dai ta daina tambayar ko wani zunubi ta yi.

Damanar 2024 da ruwa ya yi ɓarna a ƙasar nan, ɗakin yayana ya faɗi a ƙauye, rumbu ya jiƙe, awakinsa suka tafi. Ya zo ya zauna wurinmu ba ya magana da kowa. Inna ce ta sa na nemo mai Habakuk sura 3, wurin da annabin ke cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare ba saniya a turke, duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Mutumin Adar, yankin nan namu na Tawa, ba ya buƙatar a fassara mai wannan, ya san turke ba dabba. Yaya ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, da zai koma ya ce in saya mai nasa.

To ga matsalolin. Maɓallan ƙanana ne kuma duk kamarsu ɗaya, ga wanda ba ya gani wannan wahala ce babba, sai da na ɗiga kakin kyandir a kan na kunnawa don Inna ta gane shi da yatsa. Neman sura a Zabura aiki ne, guda 150 ce, in kana son ta 121 sai ka yi ta dannawa. Lokacin hazo panno ba ya ja sosai, dole a dinga goge ƙura a kuma taimaka mai da waya. Watan Afrilu da Mayu kuma kar ku bar shi cikin ranar tsaka, zafin nan namu da ke wuce 40 yana kashe batir, safe da la'asar sun isa. Lasifikar ta ɗaki ce, in za a saurara a tsakar gida da jama'a kamar taron addu'ar mata sai an haɗa da babba. Akwai kuma wuraren da aka sa kiɗa a bayan mai karatu, ni da an bar muryar ita kaɗai da ya fi, tsofaffi kunnensu ba ya raba biyun.

Hausar irin ta Najeriya ce amma a fili take, Inna ba ta taɓa cewa ba ta gane ba, mai karatun ma ba ya sauri.

Matasa masu babbar salula za su ce ai akwai manhaja kyauta, gaskiya ne akwai, ni ma ina da ita. Amma salula ana kira, ana ɗauka a fita da ita, caji na ƙarewa, shi ko wannan na Inna ne ita kaɗai yana ƙarƙashin matashinta. In za ku saya ku sa a kunna maku a butik, ku tabbata Tsohon Alkawari na ciki don akwai masu Sabon Alkawari kaɗai kuma kamarsu ɗaya a ido, ku gwada ramin caji da na ekuter, sannan ku tambaya ko za a canza maku in ya ƙi aiki cikin satin farko.